Amanar Halittu: Matsayin Ƙetare Ƙasa Don Sa Ido Kan Namun Daji

Aikin sa kai na lura da namun daji a ƙasar waje shi ne mutum ya bar garinsu na makonni ko watanni, ya je wani daji ko gaɓar teku, ya taya masana ƙidayar dabbobin da ke dab da ƙarewa, ba tare da an biya shi ba. Galibi ma shi ne yake biya: kuɗin jirgi, na masauki, na abinci, da wani kaso da ke shiga asusun binciken. Ƙungiyar Earthwatch, wadda aka kafa a Amurka a 1971, tana cikin waɗanda suka fara tsara irin wannan tafiya, inda malamin makaranta ko ɗan kasuwa ko ɗan fansho zai bi masanin kimiyya zuwa fagen aiki. Yau ƙungiyoyi da kamfanoni masu yawa suna aika matasa, akasarinsu daga Turai da Amurka da Ostareliya, zuwa Afirka da Asiya da Latin Amurka da wannan niyya.

Aikin yana tayar da tambaya da ta shafi addini da tunani baki ɗaya. Shin ɗan Adam yana da wani nauyi a kansa game da dabbar da ba ya kiwo, ba ya ci, ba ya hawa? In yana da shi, shin nauyin ya kai ga ya kashe dukiya ya ƙetare teku dominta, alhali duniya cike take da mayunwata da marasa lafiya? Kafin a amsa, dole a san ainihin abin da aikin yake, da abin da yake haifarwa.

Abin da ƙidaya ke tonawa

A Tortugero, wata gaɓar teku a ƙasar Kosta Rika, masanin dabbobi Archie Carr ya fara sa wa kunkurun teku alama a tsakiyar shekarun 1950, kuma ba a daina ba har yau. Daga Yuli zuwa Oktoba matan kunkuru suna fitowa daga ruwa da dare, su tona rami a rairayi, kowace ta zuba ƙwai kusan 100, ta binne, ta koma. Masu sa kai suna yawo a gaɓar cikin duhu, ba su haska farar fitila don kada su firgita uwar. Suna auna bayanta, suna ƙirga ƙwai, suna karanta lambar ƙarfen da aka maƙala mata a hannu, suna rubutawa. Kunkurun teku yana ɗaukar shekara 20 zuwa 30 ko fiye kafin ya fara haihuwa, saboda haka ƙidayar shekara ɗaya ba ta nuna komai. Sai da aka tara na shekaru masu yawa aka ga cewa yawan ramukan ƙwai a wannan gaɓa ya ninka fiye da sau huɗu tsakanin 1971 da 2003, bayan an hana kamun kunkuru da kwasar ƙwansa a wurin.

Darasin ungulu a Indiya ya fi wannan tsanani. A shekarun 1990 ungulaye suka fara mutuwa a faɗin ƙasar. Abin da ya sa aka farga shi ne wani masani na ƙungiyar nazarin halittu ta Bombay yana da ƙidayar da ya yi a gandun Keoladewo tun shekarun 1980, da ya sake ƙirgawa sai ya ga yawancinsu babu. A 2004 aka gano dalili: maganin ciwon jiki mai suna diklofenak da ake yi wa shanu, wanda ke lalata ƙodar ungulun da ta ci mushen. Kafin a haramta amfani da shi ga dabbobi a 2006, nau'i uku na ungulu sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan titi suka yawaita, ruwan sha ya gurɓata. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kusan 500,000 cikin shekara biyar. Duk wanda ya girma a ƙasar Hausa ya san yadda ungulu ta cika mahauta da bakin kasuwa a da, ya kuma san yadda ta yi wuyar gani yanzu. Tun 2015 hukumar IUCN, mai riƙe da jerin halittun da ke cikin haɗari, ta sa wannan ungulu ta gida a sahun waɗanda suka fi kusa da ƙarewa.

Daga nan ake gane cewa sa ido ba kallon nishaɗi ba ne. Makiyayin da ba ya ƙirga garkensa da yamma ba zai san kura ta ɗauki ɗan maraƙi ba sai asara ta yi nisa. Hukumomi ba su iya kafa doka, ko hana wani magani, ko keɓe wani daji, sai da adadi a hannu, kuma adadin ba ya samuwa sai wani ya taka ƙasa ya ƙirga.

Tushen al'amarin a Musulunci

Alƙur'ani ya kafa ginshiƙai biyu a wannan babi. Na farko, mutum halifa ne a bayan ƙasa kuma mai ɗauke da amana, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara da Suratul Ahzab. Mai riƙon amana ba mai dukiya ba ne. Za a tambaye shi abin da aka damƙa masa. Na biyu, aya ta 38 ta Suratul An'am ta bayyana dabbobin ƙasa da tsuntsayen sama a matsayin al'ummomi irin na mutane. Wasu ayoyi kuma sun nuna cewa dukkan halittu suna tasbihi ga Mahaliccinsu ko da mutum bai fahimta ba. Ma'anar wannan ita ce dabba tana da alaƙa da Ubangijinta wadda ba ta bi ta hannun ɗan Adam ba, don haka darajarta ba ta tsaya ga amfanin da ake samu daga gare ta ba.

Hadisai sun kawo wannan ƙasa-ƙasa. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta ɗaure har ta mutu da yunwa, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Abu Dawud ya ruwaito yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da aka ɗauke. Waɗannan duk sun shafi tausayin dabba guda. Akwai kuma nassoshin da suka shafi jinsi gaba ɗaya: an umarci Annabi Nuhu ya ɗauki namiji da mace daga kowane iri a jirginsa, kuma an ruwaito cewa Manzon Allah ya ƙi a ƙarar da karnuka saboda su ma al'umma ce daga cikin al'ummomi. Kashe dabba ɗaya bisa buƙata halal ne a wurare da yawa. Shafe iri ɗungurungum, ta yadda ba za a sake ganinsa ba har tashin duniya, wani abu ne daban, kuma ya fi kusa da ɓarna a bayan ƙasa wadda Alƙur'ani ya yi ta hani a kanta.

Shari'a ba ta tsaya ga wa'azi ba, ta kafa tsari. A haramin Makka ba a farauta, ba a korar naman daji, ba a sare itace. Annabi ya keɓe filin Naƙi'u kusa da Madina a matsayin hurumi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe na Rabaza. Malami Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a Alƙahira a 1262, ya jera haƙƙoƙin dabba a kan mai ita a littafinsa na ƙa'idojin hukunce-hukunce. A wannan zamani, Majalisar Malaman Indunisiya ta fitar da fatawa a 2014 wadda ta haramta farauta da fataucin dabbobin da ke dab da ƙarewa.

Idan kare iri daga ƙarewa wajibi ne a kan al'umma, to ƙa'idar usulu ta ce abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Kariya ba ta yiwuwa sai da sani, saboda haka sa ido da ƙidaya suna shiga cikin abin da ya yi kama da farali kifaya: in wasu sun yi, sun ɗauke wa saura, in kowa ya bari, kowa yana da laifi.

Abin da masana falsafa suka ce

A tunanin Turawa an bi hanyoyi uku. Immanuel Kant ya ga cewa ba dabba ake bin mutum bashi ba kai tsaye. An hana zaluntarta ne domin mai zaluntar dabba zuciyarsa tana bushewa har ya zalunci mutum. Jeremy Bentham a ƙarni na 18, da Peter Singer a 1975, sun ɗora hukunci a kan jin zafi: duk abin da ke iya shan wahala yana da haƙƙi a kula da wahalarsa. Aldo Leopold, Ba'amurke ma'aikacin daji wanda littafinsa ya fito a 1949, ya faɗaɗa da'irar har ta haɗa da ƙasa da ruwa da tsiro, ya mai da lafiyar muhalli gaba ɗaya ma'auni.

Hanya ta biyu da ta uku suna karo a fagen aiki. A tsibirin Jojiya ta Kudu an kashe ɓeraye masu ɗimbin yawa da guba domin a ceci tsuntsayen teku da suke cinye wa ƙwai, har aka ayyana tsibirin ba ɓera a 2018. Mai kallon zafin dabba guda zai ga kisa, mai kallon jinsi zai ga ceto. Ra'ayin amana yana riƙe da ɓangarorin biyu: yana yarda a kawar da cuta babba da ƙarama in babu makawa, amma yana hana azabtarwa ko da a wajen kisa. Tun ƙarni na 10, 'yan ƙungiyar Ihwanus Safa a Basra sun rubuta ƙissar ƙarar da dabbobi suka kai 'yan Adam gaban sarkin aljanu, abin da ke nuna cewa wannan muhawara tsohuwa ce a cikin tunanin Musulmi.

Hujjar fifiko

Suka mafi ƙarfi da ake yi wa wannan aikin sa kai ita ce ta fifiko. Kuɗin da saurayi ɗaya zai kashe ya je wata nahiya ya ƙirga kunkuru na mako biyu zai iya biyan albashin ma'aikacin gandun daji na watanni, ko ya sayi gidan sauro ga iyalai da dama. Shari'a ta gabatar da ran mutum a kan na dabba, ta kuma ce a fara ciyarwa da wanda ke ƙarƙashin kulawar mutum. Mutumin da ya zo wurin Annabi neman izinin fita yaƙi, an mayar da shi ya kula da iyayensa. Bugu da ƙari, jirgin saman da ke ɗauke da mai sa kai yana fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma zafin rairayi ne ke tantance ko ɗan kunkuru zai fito namiji ko mace; in zafi ya yi yawa, kusan duka mata ake ƙyanƙyashewa.

Wannan suka tana da gaskiya a ciki, amma ba ta rushe aikin. Wanda ya bar iyaye masu buƙata ko bashi a wuyansa ya tafi ceton giwa ya saɓa tsarin wajibai. Wanda ya sauke nauyin gida, dukiyarsa da lokacinsa suna da faɗin da zai zaɓi ƙofar alherin da ya fi iyawa, domin al'ummar da kowa ya zama likita ba za ta sami manomi ba. Sannan misalin Indiya ya nuna cewa raba lafiyar mutum da ta dabba kuskure ne. Abin da sukar ta tabbatar shi ne tafiyar tana da tsada, kuma mai tsada dole ya nuna amfanin da ya kai tsadarsa.

Haƙƙin maƙwabtan daji

Babu dajin da ba shi da mutane a gefensa, kuma su ne ke biyan kuɗin zaman dabba: giwa ta tattake gona, zaki ya kashe saniya, doka ta hana su itace da kiwo. Tarihin kare namun daji yana da tabo a nan. An fitar da Masai daga Serengeti a 1959. An kori mutanen Batwa daga dazukan Bwindi da Mgahinga a Yuganda a farkon shekarun 1990 domin kare goggon biri, suka zama marasa ƙasa, sai a 2021 kotun tsarin mulkin ƙasar ta amince an zalunce su.

Umarnin da Sayyidina Umar ya bai wa mai gadin hurumi ya dace da wannan wuri. Ya ce masa ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga kiwo, ya tsare garken attajirai, domin attajiri yana da gonakin da zai koma gare su, talaka kuwa ba shi da komai. Hurumin da ya ƙuntata wa talaka ya buɗe wa mai kuɗi ƙofa ya juya wannan umarni a kife.

Raƙumin dawa na Kure a Jamhuriyar Nijar misali ne na yadda abin ke gyaruwa. A wannan yanki, kimanin kilomita 60 daga Yamai, aka sami ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma, kuma a 1996 guda 49 kacal suka rage. Ba a cikin shinge suke ba. Suna yawo ne a gonakin manoma, suna cin wake da mangwaro. Masana na gida da na waje sun riƙa ƙidayarsu duk shekara ta hanyar ɗaukar hoto, tunda zanen jikin kowane ɗaya daban yake da na ɗan uwansa. Gwamnati ta hana farautarsu, ƙungiyoyi suka kawo rijiyoyi da ƙananan rance ga ƙauyuka, samarin yankin suka zama 'yan jagora. Adadin ya haura 600, har a 2018 aka ɗauki takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. A ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu. Baƙi suka ɗauke ƙafa, raƙuman kuma suka ci gaba da zama a hannun manoman da suka daɗe suna haƙuri da su. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa.

Haka abin yake a wasu wurare. Goggon birin tsaunuka ya haura 1,000 a ƙidayar 2018, bayan a farkon shekarun 1980 na tsaunukan Birunga sun ragu zuwa kusan 250. Sunan Dian Fossey, wadda ta kafa sansanin Karisoke a Ruwanda a 1967, shi duniya ta sani, amma ma'aikatan gandun Birunga na Kwango fiye da 200 ne suka rasa rayukansu a bakin aiki. A Kosta Rika ma, a 2013, ɗan ƙasar ne, Jairo Mora, aka kashe yana gadin ƙwan kunkuru a gaɓar Moyin, baƙin da ke tare da shi kuwa suka tsira. Adalci ya wajabta a san wanda ya ɗauki kaso mafi nauyi.

Inda aikin ke komawa ɓarna

Kyakkyawar niyya ba ta isa ba. A Afirka ta Kudu an daɗe ana karɓar kuɗi daga matasan ƙasashen waje domin su shayar da 'ya'yan zaki da kwalba, ana gaya musu marayu ne da za a mayar daji. Gaskiyar ita ce an raba su da iyayensu ne a gidajen kiwo, kuma zakin da ya saba da hannun mutum ba ya komawa daji. Da yawa sun ƙare a hannun masu biyan kuɗi su harbe su a cikin shinge, ko aka sayar da ƙasusuwansu zuwa Asiya. Wani fim na 2015 mai suna Blood Lions ya fallasa harkar, kuma a 2021 gwamnatin ƙasar ta bayyana aniyarta ta kawo ƙarshen kiwon zaki irin wannan. Masu sa kan sun tafi da tausayi, kuɗinsu ya ciyar da zalunci.

Kusantar dabba ma tana cutarwa. Goggon biri yana kamuwa da murar ɗan Adam har ta kashe shi, shi ya sa aka sa dokar tsayawa nesa da shi. Ƙidayar da mai koyo ya yi ba tare da horo ba tana iya ɓata lissafi, ta sa a ɗauka dabba tana ƙaruwa alhali raguwa take yi. Wani lokaci kuma baƙon da ke aiki kyauta yana toshe gurbin da ɗan gari zai samu albashi. A ɓangaren zuciya, tafiyar da aka yi don hoton da za a saka a Instagram ta faɗa cikin riya, wadda ke cinye ladan aiki.

Ma'aunin da ya kamata a bi

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da sharuɗɗa. Aikin ya kasance ƙarƙashin masana da hukumar ƙasar, kuma bayanan da aka tara su isa hannun masu yanke hukunci. Ya kasance mai ɗorewa shekara da shekaru, ba na kakar baƙi ba. Kada a taɓa dabba ko a rungume ta sai bincike ko magani ya buƙata. A bayyana inda kuɗin ke tafiya, kuma kaso mai tsoka ya zauna a ƙauyukan da ke maƙwabtaka da dajin, kamar yadda Ruwanda ke ware musu kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandayenta. Mai zuwa ya zo a matsayin almajirin mutanen wurin, ya girmama al'adarsu, kuma ya kasance ya sauke haƙƙoƙin da ke kansa a gida.

Wanda ba shi da halin tafiya bai rasa rabonsa ba, domin amanar ba ta da iyakar ƙasa. Dausayin Haɗeja da Nguru yana karɓar tsuntsayen da ke tasowa daga Turai kowace shekara, giwayen Yankari suna cikin na ƙarshe da suka rage a Najeriya, kuma ungulun da ta ɓace daga mahauta tana buƙatar mai ƙirga ta kamar yadda kunkurun Tortugero yake buƙata.

Hukuncin da ya fito shi ne: kare jinsin halitta daga ƙarewa nauyi ne na gaske a kan 'yan Adam, sa ido kuwa sharaɗi ne na sauke shi. Ƙetare ƙasa domin wannan aiki abin yabo ne matuƙar ya amfani dabbar, ya amfani mutanen da ke zaune da ita, bai kuma tauye wani wajibi da ya gabace shi ba. In ɗaya daga cikin ukun ya faɗi, tafiyar ta zama yawon buɗe ido, kuma ya fi wa mai ita alheri ya aika kuɗin ga masu gadin dajin.